Jaruman Cikin Madubin Bahago

A shagon askin Bahago babu mai kallon talabijin gaba da gaba. Ba doka ya kafa ba, ginin ne ya zo da haka. Shagon ɗan siriri ne: kujerar aski guda ɗaya wadda ta daina juyawa tuntuni, madubi babba da ya cinye bangon gaba, sai dogon benci a jikin bangon baya inda masu jiran layi ke zama. Soket biyu ne a ɗakin. Ɗaya yana gindin madubi, na kilifa ne, wato injin aski. Ɗayan kuwa wanda ya yi wayarin ya kai shi can sama a bangon baya, dab da silin, saboda wani dalili da shi kaɗai ya sani. Nan aka rataye talabijin, a saman kawunan masu benci. Don haka wanda ake yi wa aski, da masu jira, da shi kansa mai askin, duk madubi suke fuskanta, kuma a cikin madubin suke kallon fim.

Bahago gajere ne mai ɗan tumbi, sanƙo ya share masa kai tas, shi ya sa ake tsokanarsa da cewa bai taɓa ɗanɗana aikin hannunsa ba. Aski sana'arsa ce, amma fim ne rayuwarsa. Ba kuma kowane fim ba. In ka kawo masa na soyayya, da yatsa biyu zai mayar maka da filash ɗinka. Nasa su ne na ban tsoro, da na samurai masu takobi, da na kaboyi, da irin waɗanda ake yawo da matsafa da dodanni. Mai tura finafinai da ke bakin kwana ya san da zamansa, duk sabon da ya shigo sai ya ajiye masa. Bahago ba ya jin yaren da ake yi a cikin ko ɗaya, bai kuma taɓa ɗaukar hakan cikas ba. Shi ta aski yake gane mutum.

"Wannan ba zai kai ƙarshen fim ba," zai ce, yana nuna wani saurayi a madubi da bakin almakashi. "Dubi ƙeyarsa yadda aka fitar da ita tsaf. Duk wanda aka yi wa aski mai kyau haka tun farko, to bankwana ake masa."

Sau da yawa kuwa sai saurayin ya mutu, Bahago ya ci gaba da aikinsa ko gira bai ɗaga ba. In bai mutu ba, laifin masu fim ne, ba su san aikinsu ba.

Na ban tsoron da ake yi yanzu su ne suka fi tayar masa da hawan jini, saboda rashin hankalin mutanen ciki.

"Jama'a, wai mutanen nan ba su da maƙwabta ne? Ka ji motsi a ɗakin ƙasa, maimakon ka ƙwanƙwasa wa na kusa da kai ƙofa ku taru ku shiga, sai ka ɗauki tocila mai mataccen batir ka sauka kai kaɗai, kana tambaya wai wane ne. To wa kake so ya zama? Kawunka ne ya zo gaishe ka?"

Fatalwar da gashi ke rufe wa fuska kuwa tausayinta yake ji. Ya ce shi bai ga mugunta a tare da ita ba, baiwar Allah ba ta ganin gabanta ne, shi ya sa take tafiya a karkace tana cin karo da mutane. A zaunar masa da ita a kujera, a miƙo almakashi, fim ya ƙare kowa ya kama gabansa. Na matsafa kuma tafiyarsu ce ke gundurarsa: ya aske wannan, ya aske wancan, ya share gashi, ya sha shayi, su har yanzu suna kan dutse suna tafiya. Bai kuma taɓa yafe wa tsohon da ke iya kiran wuta daga sama amma ya kasa mallakar mataji ba.

Kaboyi yana ganin girmansu, domin su kaɗai suka san gari ba ya cika gari sai da shagon aski. Da zarar an nuno mai aski a fim ɗin kaboyi, aiki ya tsaya. Kana zaune kumfa na bushewa a rabin fuskarka, shi yana can yana duba yadda abokin sana'arsa ya riƙe aska, ya gyaɗa kai ko ya yi tsaki. Sai dai na bana sun fara yi masa ƙarya. Mutum ya yi sati da sati a daji a kan doki, gemunsa bai ƙaru ko kaɗan ba, gefe da gefe a daidaice.

"Akwai mai aski a bayan dutsen can," in ji shi. "Yana nan yana ta fama, an ƙi nuna shi. Haka ake mana ko'ina."

Amma in ana maganar zuciya, samurai ne suka tafi da ita. Askinsu kaɗai ya ishe shi kallo, tsakiyar kai a share ƙwal, sauran gashin a tattare a ɗaure a sama. Ya ce wanda ya fara wannan askin gwani ne, wanda ya fara yarda a yi masa kuwa ba ƙaramin jarumi ba ne. Yana son yadda suke tsayawa shiru, ba cika baki, sai sara ɗaya. Sababbin da ake watsa jini har bango ba sa burge shi, domin a wajensa wanda ya iya wuƙa ba ya ɓata wuri.

Duk waɗannan ana musu a kansu, wani lokaci har ya sauka in an matsa masa. Ra'ayi ɗaya ne ba a taɓawa. Bahago ya yarda har cikin ransa cewa duk jaruman duniya bahagwai ne irinsa.

Sai an san inda ya fito kafin a yi masa dariya. Tun yana yaro hannun hagun nan ke jawo masa duka. A gida in ya miƙa shi cikin kwano, cokali ne ke sauka a kan yatsunsa. A makaranta rula ce. Da aka kai shi koyon aski, maigidansa ya dube shi ya ce ba a ba bahago wuyan mutum, don haka ya koyi aiki iri biyu: na dama mai kame-kame in maigida na nan, na hagu mai kyau in ya fita. Almakashi ma ba don irinsa aka ƙera ba, har yau akwai kanta a gindin babban yatsansa inda ƙarfen ke cizonsa. Da ya buɗe nasa shagon, ya sha ganin mutum ya zauna, an ɗaura masa ƙyalle, yana ganin aska a hannun hagu sai ya tuna yana da wani uzuri. Wani har da ƙyallen ya tafi. Bahago yakan taya 'yan benci dariya, amma in ya koma gida abinci ba ya wuce masa. Kunyar hannun da ke ciyar da shi yake ji, kuma ba shi da wanda zai gaya wa.

Ana haka ya sayi talabijin. Wata rana da tsakar rana babu kowa, ya haye kujerar aski ya miƙe ƙafa, yana kallon wani tsohon samurai mai tabo a kunci. 'Yan fashi suka kewaye tsohon. Ya zare takobi, da hagu. Bahago ya gyara zama. Washegari ya sa na kaboyi, jarumi ya zaro bindiga da hagu, bos ma da hagu. Mai mashi, mai sandar tsafi, har matar da ta ɗauki gatari ta tare dodo a ƙofar ɗakin 'ya'yanta, duk hagu. Ranar da wuri ya rufe shago, ya tafi gida yana gaishe da mutanen da bai ma sani ba.

Daga nan mutumin ya canza. Sunan da ake tsokanarsa da shi ya sa aka rubuta masa a allon shago da jan fenti. Hannun da ke zaman aljihu ya fito sarari. In baƙo ya zauna ya fara kallon askar a tsorace, Bahago ba ya ƙara yin dariyar yaƙe, madubi kawai yake nuna masa.

"Ɗan'uwa, dubi can. Da wane hannu ya riƙe bindigar?"

"Hagu."

"To shi ke nan. Kwantar da kanka."

Kuma sai mutum ya kwantar.

Abin da madubi ke yi wa dama da hagu dai ba sirri ba ne. Bahago ma ya san yana juya rubutu, kullum yana ganin kalandar bangon baya a birkice. Amma a wajensa rubutu daban, hannu daban: in ya ɗaga hagunsa, ai ta ɓangaren hagu yake ganin ya ɗagu, to me aka juya? Bai kuma taɓa waiwayawa ya ƙare wa talabijin ɗin kallo ba. Maigidansa ya koya masa cewa mai aski ba ya ba kan mutum baya da ƙarfe a hannu, wannan darasin kuwa ya zauna daram, ko rimot ta saman kafaɗa yake danna shi. A gida ba ya kallo. Talabijin ɗin gida na matarsa ne, Maman Auta, da shirye-shiryenta masu dogon zango, shi kuwa in ba almakashi a hannunsa nan da nan barci ke kwashe shi.

'Yan benci kusan duk sun sani. Wanda ya fi kowa sani shi ne Direba, amininsa kuma abokin musunsa, tsohon direban babbar mota da ya ƙare ƙuruciyarsa yana leƙen madubi. Kullum yana shagon, ko gashinsa bai taru ba, kuma babu ra'ayin Bahago da bai taɓa ƙaryatawa ba sai wannan. Sau ɗaya ya gwada, yana kwance a kujera, aska na bin maƙogwaronsa.

"Bahago, ka san dai shi madubi..."

"Madubi me?"

Direba ya dubi fuskar abokinsa a samansa, sai sheƙi take don murna, wani kaboyi ya gama da 'yan fashi da hagu.

"Yana son a goge shi," in ji Direba. "Ya yi ƙura."

Daga baya yakan ce askar ce ta ba shi tsoro. Ƙarya yake yi. Ya san Bahago tun lokacin da hannun ke zaman aljihu, kuma ba ya son ya sake ganin wancan mutumin. Haka aka yi shekaru, unguwa guda tana riƙe da bakinta, har 'yarsa Auta ta yi aure.

Mijin Auta mai gyaran wuta ne, yaron kirki, irin surukin nan da ba ya iya barci in ya ga ƙwan fitila ya mutu a gidan surukai. Ya lura tsohon talabijin ɗin shago ya fara mayar da fuskokin mutane kore, har ba a bambance fatalwa da mai rai. Bai yi shawara da kowa ba, so yake ya ba da mamaki. Ran da Bahago ya tafi asibiti da safe a duba masa jini, Auta ta ɗauko wa mijinta makullin shago, ya zo da talabijin sabo dal mai faɗi da injin huda bango. Yana ganin soket a gindin silin ya yi tsaki irin na masu sana'a in sun ga aikin wani. Wa ke sa talabijin a bayan mutane? Ya ja waya, ya huda, ya kafa shi a bangon gaba, daidai saman madubi, inda kowa zai gani ba wahala.

Direba ne ya fara isowa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dafe kai.

"Ɗana, me ka yi haka?"

"Kyauta ce, Baba. Bai yi kyau ba?"

"Ya yi kyau. Cire shi."

Yaron na cikin tambayar dalili sai ga Bahago ya shigo, auduga a manne a hannunsa. Ya ga talabijin, ya saki baki. Ya shafa gefensa da yatsa, ya yi ta sa wa surukinsa albarka har yaron ya rasa inda zai sa kansa, sannan ya aika a karɓo masa sabon fim ɗin samurai. Direba ya koma ƙarshen benci ya yi tagumi.

Jarumi ya fito, ya tsaya, ya zare takobi da dama.

Kilifa ta tsaya cak a kan wani bawan Allah. Bahago ya ƙura ido, sannan ya ja tsaki mai tsawo.

"Kun gani ko? Na faɗa muku na yanzu sun lalace. Yanzu kuma bahagwai suka kora. Dubi yadda ya riƙe shi kamar zai yanka albasa."

"Ƙwarai kuwa," in ji 'yan benci baki ɗaya, da saurin da ya kamata ya sa shi zargi.

Ya kwana biyu yana wannan faɗan. Sabon kaboyi, dama. Sabon na matsafa, dama, har dodon ma da dama yake mari. Bahago ya gano makirci ne, ya ce manya ne suka shiga harkar, su kuwa ba su taɓa son bahago ba. Sai dai faɗan ba daɗi a cikinsa, yana yi yana satar kallon allon. Daga ƙarshe ya ce a bar sababbin nan, a sa masa tsohon samurai mai tabo, yara su ga yadda ake fim lokacin da ake fim.

Wannan fim ɗin ya haddace shi, ya san inda kare zai yi haushi, ya san inda ruwa zai fara sauka. Tsohon ya shigo gari, sai Bahago ya ga ƙofar masaukin ta koma ɗaya gefen titi. Tsohon ya juyo, tabon ya tashi daga wannan kunci ya koma wancan. 'Yan fashi suka kewaye shi. Ya kai hannu ga takobi, hannun dama.

Bahago ya ajiye almakashi a hankali. Ya ɗauki ƙaramin madubin hannu, wanda yake nuna wa mutane ƙeyarsu da shi, ya juya wa talabijin baya, ya ɗaga. A cikin ɗan madubin takobi ya koma hagu, tabo ya koma mazauninsa. Ya sauke madubin ya waiwaya: dama. Ya sake ɗagawa. Ya daɗe a haka, dattijo mai sanƙo a tsakiyar shagonsa yana juyi da madubi a hannu, kuma babu wanda abin ya ba dariya.

Ya dubi benci. Kowa ya sami abin kallo a yatsun ƙafarsa.

"Ashe kun sani," ya ce. Ya ɗauki almakashi ya ƙarasa askin da ke gabansa, ya karkaɗe ƙyalle, ya ce na gaba ya zo.

Da yamma ya tarar da Maman Auta a falo tana ninke wanki. Ya zauna ko takalmi bai cire ba.

"Ke ma kin sani?"

Ba ta tambaye shi me ba. Auta ta riga ta kira ta tana kuka, wai mijinta ya yi ɓarna.

"Tun farko. Na kawo maka abinci, na tsaya a bakin ƙofa, ina ganin talabijin ina ganin madubi."

"Shi ne kika bar ni shekara da shekaru ina zuba a gaban mutane? Ni kaɗai ne wawan unguwa?"

"Babu wanda ya ɗauke ka wawa."

"To me aka ɗauke ni?"

Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Baban Auta, ka tuna in yayyena sun zo, sai ka ce kafaɗarka na ciwo, ni in zuba musu shayi? Kafaɗar da ba ta ciwo sai an yi baƙi. Bayan ka sayi talabijin ɗin nan suka zo, ka ɗauki buta da hagu ka zuba wa kowa, kana ba su labarin wani mai takobi, ba ka ma san ka yi ba. Kicin na shiga na yi kukana. Shi ne kake so in biyo ka in ce maka madubi ne?"

Haushi yake ji, da kunya, da wani abu mai kama da godiya wanda bai shirya karɓa ba tukuna. Ya cire takalmi ya shige ɗaki.

Abin da Direba ke gudu ya faru. Talabijin na aiki, hoto tar, amma shagon ya koma kamar ɗakin jiran likita. Direba ya gwada duk dabararsa. Ya yabi gemun matsafi, ya ce a ganinsa finafinan soyayya sun fi ma'ana, har ya ce samurai ai askin hauka suke yi. Bahago ya ce, "Haka ne," ya ci gaba da shara. Surukin ya zo da injinsa, ido jajir, yana roƙon a bar shi ya mayar da talabijin bangon baya.

"Bar shi, ɗana, aikinka ya yi kyau. Ko ka mayar da shi, na riga na gani."

Mafi muni, hannun ya fara komawa aljihu. In baƙuwar fuska ta shigo, sai ya ɗauki kilifa da dama, ya yi askin kame-kamen nan, mutum ya tashi yana shafa kai yana duban madubi ya fice. Akwai waɗanda ba su dawo ba.

Wata rana da hantsi sai ga wani baƙo, babban mutum mai jiki, da kaya masu tsada, motarsa ta lalace an tura ta garejin da ke gaba. Daga ganin idonsa ya sha hanya. Ya ce gyaran fuska yake so, na aska, ba na inji ba, akwai taron da zai shiga da rana.

Kilifa ana iya yi mata ƙarya da dama, aska kuwa ba a yi mata. Bahago ya ɗaura ƙyalle, ya kaɗa kumfa ya shafa, ya sa sabuwar reza, sannan ya ɗauki askar da hagu.

Baƙon ya ɗago kai daga matashin kujera.

"Dakata, malam. Da hagu za ka sa mini aska a wuya?"

Hannun Bahago ya ɗaga da kansa zai yi nuni, yadda ya saba. A allo wani kaboyi na tsaye a tsakiyar titi, bindiga a dama, kowa na gani. Hannun ya tsaya a rabin hanya. Direba ya yi wuf ya miƙe daga benci.

"Ranka ya daɗe, ai ba ka sani ba ne, duk manyan jaruman duniya, in ka bincika sosai..."

"Direba. Bari."

Direba ya koma ya zauna. Bahago ya zagayo ya dubi baƙon ido da ido.

"Yallaɓai, da hagu zan yi. Shi ne hannun da na iya. Da shi na aske rabin unguwar nan, da shi na aurar da 'ya'yana, ba ni da wata shaida sai wannan. In ranka bai kwanta ba in goge maka kumfar, akwai wani shago a gaba, yaron yana da kirki."

Baƙon ya dubi askar, ya dubi 'yan benci, waɗanda duk suka shiga shafa haɓa suna ɗaga wuya, kowa na nuna nasa maƙogwaron lafiya lau. Ya ja dogon numfashi, ya mayar da kansa kan matashi.

"Yi a hankali dai."

Bahago ya ja fatar kunci da yatsun dama, aska ta sauka. Babu ƙara sai ɗan siririn sautin nan na gashi yana barin fata. Ya bi kunci, ya zagaya ƙasan kunne, ya goge a tawul, ya dawo haɓa. Yatsun baƙon da suka damƙe hannun kujera suka fara saki. Da aka zo maƙogwaro, Bahago ya ɗaga masa haɓa da yatsa ɗaya, mutumin ya bi yatsan ba musu, idonsa a rufe. A allo an fara harbe-harbe, dawakai na haniniya, gilasai na fashewa, Bahago bai ɗaga kai ba. Yana kan ɗaya gefen ya ji wani sauti da ba na fim ba. Baƙon ne, bakinsa a ɗan buɗe, wuyansa a miƙe a ƙarƙashin aska, yana minshari.

Bahago ya tsaya yana kallonsa. Idonsa ya kawo ruwa, ya share da kafaɗa don kada ya ɗiga a kan mutum. Sannan ya dubi benci, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Direba, rage ƙarar nan. Mutum na barci."